Alheri da Tuba a Ƙasar Mubi

Akwai ra'ayin da ya daɗe a bakin masu nazarin tarihin mishan, cewa makaranta da asibiti ne suka jawo mutanen arewacin Adamawa zuwa addinin Kirista. Ra'ayin bai rasa tushe ba. Tun da H. Stover Kulp da Albert Helser suka yi sujadar farko a gindin tsamiya a Garkida, ran 17 ga Maris 1923, aikin mishan bai rabu da aji da ɗakin magani ba. Sai dai ina ganin bayanin ya tsaya a bakin ƙofa. Ya faɗi abin da ya kawo mutum, bai faɗi abin da ya riƙe shi ba.

A ƙarshen Oktoban 2014 Boko Haram ta kama Mubi, ta mamaye Kwarhi, hedkwatar Ekklesiyar 'Yan'uwa a Nijeriya (EYN). Jama'a suka watse, wasu suka hau duwatsu, wasu suka tsallaka Kamaru. A ranakun nan zama Kirista ba ya kawo riba ko ta sisin kwabo. Da don amfanin duniya aka tuba, da nan tubar ta ƙare. Amma suka dawo, suka yi sujada a majami'un da aka ƙone, shugabanninsu kuma suka ci gaba da hana ramuwa, bisa koyarwar salama da ikilisiyar ta gada daga uwarta, wadda aka kafa a Schwarzenau ta Jamus a 1708.

A nan ne muhawarar Agustin, bishop na Hippo a arewacin Afirka, da Pelagius take da amfani. Pelagius ya dogara ga ƙoƙarin mutum. Agustin, wanda shi kansa sai a 386 ya tuba bayan doguwar jayayya da zuciyarsa, ya ce Allah ne ke fara ƙauna, tuba kuwa amsa ce. Wanda ya yarda cewa an yafe masa ba don cancantarsa ba, da wace hujja zai ƙi yafe wa wani? Ban ce abin da sauƙi ba. Gwauruwar da aka kashe mijinta ba za a gaggauta ta ba, kuma yafiya ba ta soke haƙƙin shari'a.

Wannan koyarwa tana da nauyi na musamman a gari irin Belel, a ƙaramar hukumar Maiha kusa da iyakar Kamaru, inda Kirista da Musulmi ke cin kasuwa ɗaya. Rikicin bai bar Musulmi ba, su ma sun binne nasu. Mai bi da ya ɗauki tubarsa a matsayin kyauta ba shi da abin yi wa maƙwabcinsa fahariya da shi, kuma masu wa'azi a yankin ya kamata su riƙa faɗin haka a fili.