Daga Gayya Zuwa Kulob: Tarihin Aikin Taimakon Kai da Kai a Ƙasar Jega da Kewayenta

A yau da wuya mutum ya shiga wani gari a ƙasar Gwandu, tun daga Jega da Maiyama har zuwa Aliero da ƙauyukanta irin su Jiga Birni da Jiga Maƙera, bai tarar da wata ƙungiya ta samari mai taruwa mako-mako domin yin aikin da zai amfani jama'a ba. Wasu suna kiranta kulob, wasu ƙungiyar ci gaba, wasu kuwa ƙungiyar aikin gayya. Abin da wannan maƙala za ta duba shi ne asalin wannan al'ada da irin hannayen da ta bi kafin ta iso gare mu, domin akwai masu ɗaukar cewa Turawa ne suka koya mana ita.

Gayya a gargajiyance

Kalmar gayya da kalmar gayyata 'yan gida ɗaya ne, kuma ma'anar al'adar tana cikin wannan dangantaka: ba a zuwa gayya sai an kira mutum, kuma yana da ikon ya ƙi zuwa, ko da yake ƙin yana da nasa sakamako. (Kada mai karatu ya haɗa ta da ɗaya gayyar, watau ta mugunta da gangan, wadda ake cewa ramuwarta ta fi ta zafi.) Manomin da aiki ya sha kansa, ko wanda ciwo ya kwantar a tsakiyar damina, shi ke aikawa da goro ga sarkin samari, a sa rana. Ran nan samari su fito da garemani da hauya, makaɗan noma na biye da su suna zuga gwanaye da kirarinsu, mai gona kuwa ya tanadi fura da tuwo. Daga irin wannan fage ne wasu manyan makaɗan ƙasar Sakkwato suka fito. Alhaji Musa Ɗanƙwairo ma a kiɗan noma ya fara, a ƙarƙashin mahaifinsa, kafin ya koma kiɗan fada. Akwai kuma gayyar neman aure, inda saurayi kan kwashi abokansa su je su nome gonar uban yarinyar da yake so.

Abin lura a nan shi ne gayya bashi ce, ko da yake ba a rubuta ta a takarda. Wanda aka yi wa bana shi zai fita wa wani baɗi, wanda kuwa ya saba noƙewa, ranar da ya yi nasa kiran zai ga fili fayau. Wannan tsoron kunya shi ne ya riƙe al'adar shekara da shekaru ba tare da ɗan doka ko alƙali ba.

Ban da ta gona akwai ta gari: gyaran ganuwa bayan ɗaukewar ruwa, yashe rijiya, share maƙabarta da filin Idi, yaɓen masallaci. Gari irin Jega, wanda Buhari ɗan Abdussalami Bagimbane ya kafa wajen 1820 bayan rasuwar mahaifinsa a rikicin Kware, ya bunƙasa har kasuwarsa ta zama ɗaya daga cikin manyan kasuwannin daular Sakkwato a ƙarni na 19. Fatake ba sa sauka inda babu rijiya da rumfa da hanya mai biyuwa, kuma a wancan zamani babu wata ma'aikatar ayyuka sai hannuwan mutanen gari a ƙarƙashin masu unguwanni.

Yadda sunan ya gurɓata

Zuwan Turawa a 1903 ya kawo wani abu mai kama da gayya a ido, amma babu gayyata a cikinsa. Da hannun talakawan da aka tilasta aka shimfiɗa dogon jirgin ƙasa daga Baro zuwa Kano, wanda ya isa Kano a 1911, haka kuma hanyoyin mota da gidajen saukar baƙi na Turawa. Yarjejeniyar Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta 1930 ta hana aikin tilas, amma ta bar ƙofa ga ƙananan ayyukan gari, kuma ta wannan ƙofa En'e ta ci gaba da fitar da mutane share hanya ta hannun hakimai da dagatai. Mafi muni shi ne ɗiban gwamna na lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, tsakanin 1942 da 1944, sa'ad da aka kwashi dubban mutane daga lardunan Arewa zuwa haƙar kuza a Jos, da yawa suka mutu can saboda sanyi da cuta. Tun daga nan talaka ya koyi yin ɗari-ɗari da duk aikin da shela ta zo da shi daga sama.

A gefe guda kuma kuɗi na ta cin gayyar gona a hankali. Baturiya Polly Hill, wadda ta yi bincike a Batagarawa ta ƙasar Katsina ta buga littafinta a 1972, ta nuna yadda ƙwadago ya riga ya yi ƙarfi a noman garin. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Mai hali ya gwammace ya biya lada a gama, da ya ciyar da taro kuma ya ɗauki bashin fita. Balle noman rani irin na albasar da Aliero ta yi suna a kanta, wanda ke bukatar ban ruwa da kulawa ta yau da gobe. Wannan ba aikin da taron yini ɗaya zai gama ba ne.

Ƙungiya mai littafi

Sabon salo ya fito ne daga hannun 'yan boko na farko. Wajen 1943 Malam Sa'adu Zungur da abokansa, ciki har da Malam Aminu Kano da Malam Abubakar Tafawa Ɓalewa, suna taron muhawara a Bauchi. A tsakiyar shekarun 1940 Malam Shehu Shagari da wasu malaman makaranta da ma'aikata suka kafa tasu ƙungiyar samari a Sakkwato. Waɗannan ne suka shigo da shugaba zaɓaɓɓe, da sakatare mai rubuta abin da aka tattauna, da ma'aji, da kuɗin ƙa'ida. Sai dai ba su daɗe a matsayin ƙungiyoyin kyautata zaman jama'a ba, domin irinsu ne suka haɗu suka zama Jam'iyyar Mutanen Arewa, wadda ta yi babban taronta a Kaduna a 1949, ta rikiɗe jam'iyyar siyasa a 1951. Wannan hanya, daga aikin jama'a zuwa neman kujera, ƙungiyoyi da yawa sun bi ta a bayansu, kuma a ganina ita ce ta fi kowace cuta kashe su a ƙauyuka, musamman bayan gyaran ƙananan hukumomi na 1976 da ya kawo kujerar kansila har ƙofar gida.

Kulob irin na ƙasashen waje ya iso daga baya. An kafa Rotary a Chicago ta Amurka a 1905, sunan kuwa ya samo asali ne daga yadda membobin farko ke zagayawa da taronsu daga ofishin wannan zuwa na wancan. Reshenta na farko a Nijeriya a Kano aka buɗe shi, a 1961. Taron mako-mako shi ne ginshiƙinta, amma Bahaushe bai ga baƙon abu a nan ba, tun da kasuwarsa mako-mako take ci, adashinsa ma sau da yawa haka ake zuba shi. Abin da ya hana kulob ɗin sauka ƙauye shi ne kuɗin shiga da Turanci da zama a otal. Duk da haka aikinta ya isa inda ita ba ta isa ba: a 1985 ta ɗauki yaƙi da cutar shan inna, kuma da gudummawarta aka yi ta ɗiga wa yara magani gida-gida. Da aikin ya cije a 2003, har Jihar Kano ta dakatar da shi zuwa 2004, sai da aka koma ga sarakuna da malamai da masu unguwanni, watau masu kiran gayya na asali, sa'an nan ya tafi. A watan Agusta na 2020 aka tabbatar da kawar da ainihin ƙwayar cutar daga Afirka.

Gwamnatoci ma sun yi ta ƙoƙarin aron gayya. A Nijar, bayan juyin mulkin 1974, Janar Seyni Kountché ya farfaɗo da samariya ya mai da ita hannun hukuma a kowane gari, aka gina azuzuwa aka shuka itatuwa da ita, amma ba ta yi tsawon rai ba bayan rasuwarsa a 1987. A Nijeriya gwamnatin Janar Muhammadu Buhari ta ƙaddamar da Yaƙi da Rashin Ɗa'a a 1984, aka shiga tsabtace gari ranar Asabar da soja a tsaye, sa'an nan gwamnatin Janar Babangida ta kafa DFRRI a 1986 domin hanyoyi da rijiyoyin karkara, tana neman kowane gari ya kafa ƙungiyar ci gaba. Ƙungiyoyin da aka kafa domin karɓar kayan gwamnati galibi sun bi kayan sun tafi.

Waɗanda suka yi saura su ne masu aikin da ba ya jiran kowa. 'Yan agaji na ƙungiyoyin addini, irin su Jama'atu Nasril Islam da aka kafa a 1962, suna tsare sahu da hanya kowace Juma'a, suna hidimar alhazai da majinyata. Samarin unguwa suna yashe magudanan ruwa kafin faɗuwar damina, suna cike kaburburan da ruwa ya rufta, suna karo-karo a gyara famfon burtsatse. Tun da aka ƙirƙiro Jihar Kebbi a 1991, aka kuma kafa jami'ar kimiyya da fasaha a Aliero a 2006, an ƙara samun 'yan makaranta a cikin waɗannan ƙungiyoyi, su ne masu riƙe littafi da rubuta wa ƙaramar hukuma takarda. Goron gayyata yanzu saƙon waya ne, amma wanda bai fito ranar Asabar ba har yau sai an bi shi gida an tambaye shi ko lafiya.