Bindiga

bindiga (suna, mace, jam'i: bindigogi). Makami mai bututun ƙarfe da kunama, da ke harba harsashi da ƙarfin albarushi. Maharba a dazukan Tambuwal da Kebbe sun fi sabawa da ta toka, ƙirar maƙera, wadda ake ɗura wa albarushi ta baki. Jinkirin ɗurin ne ya sa ake mata laƙabi da harba-ka-ruga. Ƙarama kuwa, wato libarba ko fistul, dokar makamai ta 1959 ta hana riƙe ta sai da izinin shugaban ƙasa, alhali batun lasisin ta toka yana hannun kwamishinan 'yan sandan jiha. Misali: "Baba, rataye bindigar nan inda yara ba za su kai ba."