Abincin Wani Gubar Wani

A Guri, wanda ya wuni a fadama yana aikin shinkafa ko jan koma, da yamma sai ya nufi kemis ya sayi ibuprofen na ciwon jiki. Wani ya sha ya tashi garas, wani kuwa ciki ya murɗe shi. Na bi diddigin tarihin wannan bambanci, ga abin da na samo.

Lokacin yaƙin Koriya, likitoci sun lura jinin wasu sojojin Amurka baƙar fata yana ƙonewa in sun sha primaquine, maganin zazzaɓin cizon sauro. A 1956 aka gano dalili: ƙarancin sinadarin G6PD, wanda gadonsa ake yi. Daga nan aka tabbatar cewa gado yana da hannu a yadda magani ke aiki.

Shi ibuprofen, Stewart Adams da abokan aikinsa suka haɗa shi a kamfanin Boots na Ingila, ya shiga kasuwa a 1969. Hanta ce ke narkar da shi da sinadarin CYP2C9. Wanda ya gaji mai rauni, maganin kan daɗe a jininsa, har ya iya jawo gyambon ciki ko ya taɓa ƙoda. Nau'o'in Turawa aka fara bincika. Namu na Afirka sai daga baya aka waiwaye su.

Don haka ɗan'uwa, kada ka auna jikinka da na maƙwabcinka. In ciki ya fara zafi, dakata, ka ga likita.