Tarihin kamara marar madubi: yadda hoto da sinima suka koma gida ɗaya

Duk makaranta ko ƙungiyar raya al'adu da ta tara ƴan kuɗi don sayen kamara takan tsaya a kan tambaya guda: wace na'ura ce za ta ɗauki hoton tsohon makaɗi, ta kuma ɗauki motsinsa da muryarsa, tun kafin ƙasa ta rufe masa ido? Amsar da kasuwa ke bayarwa a yau ita ce kamarar da babu madubi a cikinta. Kafin a yi zaɓe, yana da kyau a san abin da ya shigar da madubin da kuma abin da ya fitar da shi.

Labarin ya faro ne daga Jamus. A shekarar 1925 kamfanin Leitz na garin Wetzlar ya fitar da Leica, wata ƴar kamara da Oskar Barnack ya ƙera. Barnack ya ari fim ɗin sinima mai faɗin milimita 35, ya yanka masa fili na milimita 24 da 36 ga kowane hoto. Ke nan ƙaramar kamarar hoto a gidan sinima aka haife ta. Sai dai mai ɗauka yana leƙawa ne ta wata ƴar taga daban, abin da idonsa ya gani kuwa ba daidai yake da abin da gilashin kamara ya gani ba. Maganin wannan shi ne madubi: a girke shi a karkace bayan gilashi, ya juyar da haske zuwa ido, in an danna ya ɗaga sama haske ya faɗa kan fim. An daɗe da sanin dabarar a manyan akwatunan hoto, amma Kine Exakta ta birnin Dresden ce ta yaɗa ta a ƙananan kamarori daga 1936. Ƴan Japan suka karɓa suka gyara, har Nikon F ta 1959 ta zama makamin ƴan jarida a ko'ina.

Sinima kuwa ta kama tata hanya, da na'urori masu nauyi da tsada. Ƙasar Nijar tana da shaida a kan wannan zamani. Tsakanin 1946 da 1947 Jean Rouch da abokansa biyu sun bi kogin Isa cikin kwalekwale, yana riƙe da kamarar Bell & Howell mai fim na milimita 16. Wana ta ake yi da hannu kamar agogo, ba ta cika rabin minti tana ɗauka, kuma ba ta kama murya ko kaɗan. Rouch ya sha ba da labarin cewa abin girke kamarar mai ƙafa uku ya salwanta a hanya, dole ta sa ya riƙe ta a hannu, ya kuma gano cewa haka ya fi kusantar da shi ga mutane. Sai wajen 1960 ne kamara mai sauƙi ta fara tafiya daidai da rakodar Nagra ta ƙasar Suwis. Da irin waɗannan kayan na milimita 16 sinimar Nijar ta tashi, har Umaru Ganda ya ci babbar kyautar FESPACO a 1972. A duk tsawon lokacin nan, mai son hoto da motsi sai ya ɗauki na'ura biyu, ya koyi sana'a biyu.

Lantarki ne ya rushe katangar. A 1975 Steven Sasson na kamfanin Kodak ya haɗa kamarar da ta maye fim da wani ɗan allo mai kama haske, tana cin daƙiƙa 23 kafin ta ajiye hoto ɗaya baƙi da fari a kaset. Shekara 33 bayan haka, a 2008, Nikon D90 da Canon 5D Mark II suka fito, kamarorin hoto ne masu madubi amma suna ɗaukar bidiyo. Nan ne aibin madubi ya bayyana: muddin ana ɗaukar bidiyo, dole ya tsaya a ɗage, tagar leƙe ta yi duhu. Tun da allon kama haske yana iya nuna wa ido abin da yake gani kai tsaye, madubi ya zama kaya a ka. A shekarar dai Panasonic ta fitar da Lumix G1 ba tare da shi ba, a 2009 ta biyo da GH1 mai bidiyo. Sony ta kawo babban allo na 24 da 36 a 2013, Nikon da Canon suka bi sahu a 2018, a 2020 kuwa adadin marasa madubi da kamfanonin Japan suka fitar ya zarce na masu madubi.

Babban darasin wannan tarihi yana a bakin kamara, inda ake murɗa gilashi. A tsohon tsarin Nikon, tazarar baki zuwa fim milimita 46 da rabi ce, don a bar wa madubi wurin ɗagawa. A sabon tsarin ta koma 16. Saboda haka da zobe guda mai cike tazarar, gilashin da aka ƙera shekaru hamsin da suka wuce yana aiki a kan sabuwar kamara. Amma baki ma yana mutuwa. Canon ta sauya nata a 1987, tsarin Nikon 1 da aka fara a 2011 an daina shi a 2018. Jikin kamara yakan tsufa cikin ƴan shekaru, gilashi mai kyau kuwa ana gadonsa. Wanda ya zaɓi baki ya zaɓi dangin da zai daɗe yana zama da su, don haka sai ya duba ko gilasan dangin suna da yawa, ko ana samun na hannu, ko wasu kamfanoni ma suna ƙera masa.

Gilashin ma ya gaji rabuwar nan ta da. Na hoto an yi shi ne don ya daidaita gani cikin ƙiftawar ido, ko da injinsa yana ƙara. A bidiyo ƙarar tana shiga cikin murya. Mai son aiki biyu yana neman gilashi mai injin shiru, wanda haskensa ba ya raguwa in an jawo nesa kusa, da kamara mai rage rawar hannu. Aikin ne ke yanke hukunci. Filin kokowa yana son gilashi mai jawo nesa; hira da dattijo a zaure mai duhu tana son gilashin milimita 35 ko 50 mai buɗaɗɗen ido, wanda galibi yana cikin masu araha. Babban allo ya fi jure ƙarancin haske, ƙarami kuwa gilasansa sun fi sauƙin ɗauka da kuɗi.

Fitar madubi ba ta zo kyauta ba. Allon kama haske ya kusanto baki, ƙurar hunturu tana samunsa da zarar an cire gilashi. Batir yana saurin ƙarewa, doguwar ɗauka cikin zafin bazara tana iya tsayar da na'ura, kuma ɗan makirufon da ke jikinta ba ya wadatar da muryar mai molo ko mai tatsuniya. Ƙungiyar da ta zuba duk kuɗinta a jikin kamara, ta mance da gilashi da makirufo da batir da wurin adana abin da ta ɗauka, ta sayi doki ne babu sirdi.

Abin da Rouch ya ɗauka guntu-guntu, babu murya, har yau ana kallonsa, domin an adana shi. Malamin makaranta na Tawa ko Damagaram yana iya riƙe na'urar da ta fi waccan nesa ba kusa ba. Abin da ya rage masa shi ne ya isa wurin dattijon da wuri, ya kuma ajiye abin da ya ɗauko a wuri fiye da ɗaya.