Solar for All

Solar for All shiri ne na gwamnatin tarayyar Amurka da aka tsara domin kai wutar lantarki mai amfani da hasken rana ga gidajen masu ƙaramin ƙarfi. Ya samo asali ne daga dokar rage hauhawar farashi da Shugaba Joe Biden ya sanya wa hannu a watan Agustan 2022, wadda ta ware dala biliyan 27 ga wani asusun rage hayaƙi mai dumama yanayi. Dala biliyan 7 daga ciki su ne rabon wannan shiri.

A watan Afrilun 2024, Hukumar Kare Muhalli ta Amurka ta sanar da masu cin gajiya 60 da za a raba wa kuɗin, ciki har da jihohi, ƙabilun asalin ƙasar da ƙungiyoyin sa-kai, da burin isa ga gidaje sama da 900,000. Muhimmancin shirin shi ne ya tuna da 'yan haya, waɗanda ba su da rufin kansu: an ba su damar samun rabo daga tashar sola ta unguwa, domin kuɗin wutarsu ya ragu.

A watan Agustan 2025, gwamnatin Donald Trump ta soke shirin, jihohi da dama kuma suka garzaya kotu.