Amarone: Tsohuwar Dabara, Sabuwar Giya

A arewacin birnin Verona na ƙasar Italiya akwai wasu tuddai da ake kira Valpolicella. Nan ne gidan Amarone, jar giyar inabi mai kauri da ƙarfi wadda ake tallata ta a matsayin gadon kaka da kakanni. Gaskiyar ita ce dabarar yin ta ce ta tsufa; ita kanta ba ta cika shekara 100 ba.

Dabarar kuwa shanya ce. Idan an tsinke inabi a watan Satumba ko Oktoba, ba a matse shi nan take. Ana shimfiɗa shi a kan tabarmin gora ko cikin akwatuna, a ɗakuna masu iska, har wata uku zuwa huɗu. Kafin lokacin matsa, ya rasa kusan kashi 30 zuwa 40 cikin ɗari na nauyinsa, ya kusa zama zabibi, sukarinsa ya taru. Tun ƙarni na 6, Cassiodorus, babban jami'i a fadar sarakunan Goth da ke Ravenna, ya rubuta wasiƙa yana neman a sayo wa fada giyar Verona da ake yi da busasshen inabi.

Amma abin da aka daɗe ana samu daga wannan shanya giya ce mai zaƙi, Recioto, wadda ake tsayar da ruɓarta kafin sukarin ya ƙare. Idan ganga ta zarce har zaƙin ya tafi, asara ake ɗaukarta. Ana ba da labarin cewa a 1936 wani mai kula da rumbun giya a Negrar ya ɗanɗana irin wannan ganga da aka manta, ya ji ta fi ta asalin. Sunan ya fito ne daga "amaro", wato ɗaci. Sai a shekarun 1950 ta shiga kasuwa sosai, a 2010 kuma ta hau matakin DOCG, mafi girma a dokar giyar Italiya.

Ƙarfinta, wanda doka ta ce kada ya gaza kashi 14 cikin ɗari, shi ya sa mutanen Verona ke haɗa ta da abinci mai nauyi: naman sa da aka daɗe ana dafawa, tsohon cuku irin Monte Veronese, da shinkafar Vialone Nano da ake dafawa da giyar kanta. Akwai kuma pastissada, dahuwar naman doki, wadda almara ke danganta ta da yaƙin 489, lokacin da Theodoric ya ci Odoacer kusa da birnin, mayunwata suka jiƙa naman dawakan da suka faɗi cikin giya don kada ya lalace.

Farin jini ya zo da rigimarsa. Da kuɗi suka shigo, gonaki suka bazu daga tuddai zuwa fili, na'urori suka karɓi aikin iska a ɗakunan shanya. A 2009 wasu tsofaffin gidaje suka kafa ƙungiya don kare abin da suke gani shi ne ingancin asali, har ta kai su kotu da ƙungiyar masu kula da sunan yankin. Kotun Venice ta yanke a 2017 cewa sunan Amarone na yankin ne baki ɗaya, ba na wasu gidaje ba. Giyar da a da ake ɗauka ɓarna ce, daga baya kan sunanta aka yi shari'a.