Malaman Ciwon Barci a Ƙasar Anchau

A shekarar 1937 aka soma babban aikin yaƙi da ciwon barci a ƙasar Anchau, cikin Lardin Zazzau. Likitoci kaɗan ne, saboda haka yawancin wahalar ta faɗa kan malaman asibiti 'yan ƙasa. Su suka riƙa bin ƙauyuka, suna lalube wuyan mutane don neman kaluluwa, su duba ruwanta da madubin likita, su yi wa masu ciwon allura. Aikin ba na mai son zaman gari ba ne, sai mai son daji, domin cutar ta fi yawa a bakin rafi da kurmi, inda tsando yake. Da aka sare kurmin, aka gina sabon gari, Takalafiya. Allah ya saka musu da alheri.